Pamukkale ko Bursa: Amsar Tambayar Hajiya

Hajiya, barka da kasuwa. Na ga tambayarki tun jiya, sai dai ban bar shago a Alabar, nan Kumasi, ba sai bayan isha'i. Kin ce a watan Nuwamba za ki Istambul sarin abaya da labule, kwana biyu za su rage miki kafin jirgin dawowa, ga gwiwa ta matsa miki. An ce miki Pamukkale da Bursa duka suna da ruwan zafi mai ɓuɓɓugowa daga ƙasa, wanne za ki je? Na taka duka biyun. Bursa za ki je. Amma bari in shimfiɗa miki dalili, kada gobe ki ga hoton Pamukkale a wayar wata ki ce na cuce ki.

Asalin ruwan ɗaya ne. Ruwan sama ne ke tsiyayewa can ƙarƙashin ƙasa inda duwatsu ke da zafi, ya ɗumama, ya narkar da sinadaran dutse, sannan ya samo tsaga ya hauro. Turkiyya ƙasar girgizar ƙasa ce, tsagogin suna da yawa, shi ya sa irin wannan ruwa ya wadata a can. Mu nan ko tafkin Bosomtwe da muke kai yara yawon sallah ba irinsa ba ne. Dutse ne ya faɗo daga sama ya haƙa ramin, ruwa ya cika shi.

Pamukkale abin kallo ne, wannan ba gardama. Sunan ma da Turkanci yana nufin fadar auduga. Tsauni ne guda fari fat, ruwan ya yi dubban shekaru yana gangarowa yana barin farar ƙasa, har ta daskare ta zama kwaruka hawa-hawa kamar an jera fararen tasoshi. A samansa ga kangon tsohon birnin Hiyerapolis, wanda girgizar ƙasa ta rusa a shekara ta 60 miladiyya aka sake gina shi. Tun 1988 UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya. Ranar da na isa, tsayawa na yi ina ta subhanallahi, na manta ma da waya a jaka.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Ba a taka farin dutsen da takalmi, dole ki cire ki riƙe a hannu. Wani wurin kaushi kamar dutsen goge kaushi, wani wurin santsi kamar an zubar da miyar kuɓewa. Ni da nake ganin ƙafata lafiya sai da na zauna daɓas, 'yan Koriya na ɗaukar hoto. Ke mai gwiwa fa, a sanyin Nuwamba, ƙafa ba takalmi? Kuma yawancin kwarukan da kike gani cike da shuɗin ruwa a hoto za ki tarar da su a bushe, don juya ruwan ake yi daga wannan sashe zuwa wancan saboda kare dutsen. Inda ake barin mutane su tsoma ƙafa, ruwan ya riga ya huce a hanya.

Wurin wanka na sosai shi ne tafkin da ake laƙaba wa sunan Kiliyofatira, mai ginshiƙan marmara kwance a ƙasansa. Zafinsa wajen digiri 36, wato ko zafin jikin mutum bai kai ba. Wadda ta taɓa shiga Wikki a Yankari, mai digiri 31, ta ƙara kaɗan a kai. Macen da ta sha wankan jego da ganyen darbejiya ba za ta kira wannan ruwan zafi ba. Sannan babbar magana: maza da mata a cakuɗe suke, a fili, cikin kayan iyo. Kuɗin shigarsa daban, bayan na ƙofa. Na tsaya a bakinsa da hijabina, na leƙa ginshiƙan, na juya. Na yi doguwar tafiya domin ruwa, ƙafa kawai na jiƙa.

Doguwar tafiya kuwa ce. Pamukkale na lardin Denizli, kimanin kilomita 20 daga garin. Daga Istambul awa guda ne a jirgi, sai kuma wajen awa guda a mota daga filin jirgin; in bas ce, kwana za ki yi a hanya, awa goma ko kusa. Ki ɗauka kin je Ankara daga Kumasi kin juyo ba ki sauka ba. (Tamu Ankarar nake nufi, babban birnin Gana, ba ta Turkiyya ba. Na taɓa ce wa wani mai shago a unguwar Laleli ta Istambul daga Ankara jirgina ya taso, sai ya ɓarke min da Turkanci, wai ashe 'yar gida ce.)

Bursa kuwa kusa take. Jirgin ruwa daga Istambul zuwa gaɓar Mudanya kusan awa biyu ne, sai ki ƙarasa gari a mota. Ko ki hau bas ta gadar Osmangazi da aka buɗe a 2016, cikin awa biyu da rabi zuwa uku kin isa. Da hunturu iska kan sa a soke jirgin ruwa, don haka ranar komawa ki bi ta bas, kada jirginki na Gana ya tashi ya bar ki da kaya a kago.

Unguwar ruwan sunanta Cekirge, a gindin dutsen Uludag. A nan wanka ba na 'yan yawon buɗe ido ba ne, al'adar gari ce. Bursa ita ce babban birnin Usmaniyawa na farko, Orhan Gazi ya ci ta a 1326, kuma Musulmi ne suka gina gidajen wankan a kan tsarin da ke da sutura. Eski Kaplija, wato tsohon gidan wanka, na zamanin Sarki Murad na ɗaya ne, da ɓangaren maza da na mata, kowa da ƙofarsa. Yeni Kaplija, wai shi ne sabo, Rustam Fasha wazirin Sarki Sulaiman ya gina shi tun ƙarni na 16. Shi na maza ne, na mata yana gefensa. A allunansu kaplıca suke rubutawa, ki nuna wa mai tasi. Otal-otal da yawa a Cekirge ma sun ja ruwan zuwa cikin gininsu, wasu da ɗakin wankan iyali da za ki kulle ke kaɗai.

Ruwan Cekirge yana fitowa da zafi wajen digiri 45. Wannan shi ne ruwa. Za a ba ki wani ɗan zane, feshtamal, ki ɗaura. Ki zauna a kan marmara mai ɗumi ƙarƙashin ƙubba, tururi na tashi, kina kwarfar ruwa da tasa kina zubawa. In kin biya, wata mata za ta cuɗe ki da safar hannu mai kaushi, dattin da zai murtsuko sai kin ji kunya, ke da kike wanka da soso kullum. Kada ki yi mamaki in kin ga wasu matan sun saki jiki fiye da yadda muka saba. Ke dai ki riƙe zanenki, ba mai ce miki uffan. Ta wajen Kukurtlu ruwan ya fi zafi nesa ba kusa ba, sai an sirka, kuma yana da farar wuta, yana ɗan warin baragurbi. Ki cire azurfarki kafin ki shiga. Zobena baƙi ƙirin ya fito.

Maganar gwiwa, kada in yi miki daɗin baki. Zafin yana sassauta jijiya, ruwan yana ɗauke wa gaɓa nauyi, za ki yi barci mai daɗi, ki tashi kina taka bene ba ƙara. Amma ba ya mayar da guringuntsin da ya cinye. Kuma na san kina shan maganin hawan jini: ruwan zafi yana buɗe hanyoyin jini, jiri na iya ɗibar mutum in ya miƙe da sauri. Ki tambayi likitanki kafin ki tashi. In ya yarda, minti 15 ya isa a shiga ɗaya, ki fito ki huta, ki sha ruwa, kada ki shiga da cikakken ciki.

Kwana na biyun ba zai tafi a banza ba. Ki yi azahar a Ulu Jami, masallaci mai ƙubba 20 da wurin alwala a tsakiyarsa, wanda aka gama a 1399. Kina fitowa ga Koza Han, kasuwar siliki tun 1491, cike da gyale da kallabi. Garin masaƙu ne, tawul ɗinsa sananne ne a duk Turkiyya, kuma na ga yadda matan Aboabo da Asawasi ke wawasonsa in ana haɗa kayan aure. Ki bar wuri a jaka. Guda biyu nake so, manya, masu ruwan toka. Ki biyo ta shago kafin ki tafi in ba ki kuɗin.