Gargaɗi: masu sayar da "katin banɗaki" a bakin gandun dajin tsaunuka

Ina jawo hankalin duk mai shirin ziyartar gandun daji na ƙasa da ke cikin tsaunuka game da wata damfara da ta rutsa da ni, wadda aka ƙulla a kan buƙatar da ba ta jiran kowa, wato ta kewayawa.

A wurin ajiye motoci, tun kafin mu kai ƙofar shiga, wani mutum sanye da riga mai ƙyalli irin ta ma'aikata ya tare mu, katin shaidarsa rataye a wuya amma an kife fuskar katin. Ya ce banɗakunan da ke kan hanyar hawa duk a kulle suke, ba a buɗe su sai ga mai "katin banɗaki", sannan ya zaro wata taswira a cikin leda mai jajayen ɗigo shida. Ina tare da mahaifiyata da yara biyu, don haka ban tsaya ja-in-ja ba, na biya na mutum huɗu, bai kuma ba ni rasit ba. Bayan tafiyar kusan awa biyu muka iske banɗaki na farko: masai ne na rami mai rufin kwano, ƙofarsa a buɗe, babu mai gadi balle mai duba kati. Inda ɗigo na biyu ya nuna kuwa duwatsu ne kawai. Jami'in gandun da na nuna wa katin ya juya shi gaba da baya, ya ce hukumarsu ba ta taɓa buga irinsa ba.

Mutumin ya san abin da ya taka. Sanyi da hawa sama suna sa yawan fitsari, ana shawartar masu hawa su riƙa shan ruwa sosai, mai shan maganin Diamox don rigakafin ciwon da hawa tsauni ke jawowa kuma abin ya fi matsa masa. Ga shi sabis ɗin waya yakan ɗauke a tsakanin duwatsu, ba halin bincikawa.

Abin da ke ba ƙaryar ƙafa shi ne akwai inda ake biya da gaske. A tsaunin Fuji na Japan, mai tsayin mita 3,776, ana biyan kuɗin banɗaki, amma da tsaba, a nan wurin. A Denali na Alaska, mai mita 6,190, jami'an gandun ne da kansu suke ba masu hawa gwangwanin da za su sauko da bahayarsu a ciki. Ko can ko nan, ba a hannun mai tare hanya ake gama magana ba.

Kada kuma ku ɗauki hoton lambar QR da aka manna a ƙofar banɗaki kuna shigar da bayanan katin banki, domin liƙa ta bogi a kan ta gaskiya aikin minti ɗaya ne. Ku karɓi taswira a ofishin karɓar baƙi, ku tambayi banɗakunan da ke buɗe a wannan lokacin, tunda ana rufe wasu da hunturu saboda daskarewar bututun ruwa. Masu zuwa gandayen Amurka su sauke manhajar NPS, wato ta hukumar kula da gandayen dajin ƙasar, kyauta ce, su adana taswirar a waya tun suna da intanet. Wanda aka tare da irin wannan kati ya nemi ganin fuskar shaidar da rasit mai tambarin hukuma, sannan ya sanar da jami'an da ke ƙofar shiga kafin ya fara hawa.