Thunderbird da NVDA: Ranar da Na Nemo Wasiƙata da Kaina

Wata Litinin da hantsi aka bugo mini waya daga ofishin da na nemi aiki, aka ce tun makon jiya sun turo takardar gayyata ta imel, kuma ranar Laraba a zo da ita a buge. Na tuna sarai daren Alhamis na ji an karanto mini kan saƙon. Na buɗe kwamfuta, na bi akwatin saƙonni da kibiya tun daga sama har ƙasa, babu shi babu dalilinsa. Gabana ya faɗi.

Ƙanwata ta ji motsina ta leƙo. "Yaya, kawo wayar in duba maka mana." Na ce, "Bari tukuna, Auta, in gwada da kaina." Yarinya ce mai amana. Amma duk makahon da ya taɓa miƙa wayarsa a karanta masa saƙo ya san abin da ke raina. Wanda ya zo neman wasiƙa ɗaya, dole idonsa ya bi ta kan goma: ta banki, ta asibiti, ta wadda kake nema da aure.

Shekara da shekaru ina amfani da tsohon shafin Gmail mai sauƙi, wanda da yawanmu marasa gani muka saba da shi. Da aka rufe shi a farkon 2024, sai na koma waya da TalkBack, manhajar da ke karanta allon wayar Android da murya, ina shafa allo saƙo bayan saƙo. Daga baya wani abokin karatuna ya sa mini Thunderbird, manhajar imel ta Mozilla, kyauta. NVDA mai karanta mini allo shi ma kyauta ne. Michael Curran ne ya fara shi a 2006 a Ostareliya, James Teh ya haɗa hannu da shi, dukansu makafi. Kana jin hakan a aikin, domin wanda ya ɗanɗana abu shi ya san inda yake ciwo.

To ranar nan sai na danna F6 har na faɗa jerin manyan jakunkunan saƙo, NVDA yana kiran sunan kowace. Na fara da Trash, don Gmail kwana 30 yake ajiye abin da aka goge, bayan nan ya tafi ke nan. Babu. Na shiga Spam, ita ma kwana 30 ce, na ji tallace-tallace da 'yan damfara masu cewa na ci kyauta. Babu. Na sauka kan All Mail, jakar da Gmail ke tara saƙonni gaba ɗaya, na danna Ctrl da Shift da F don bincike, na rubuta sunan ofishin a gurbin mai aikowa. Da muryar ta karanto kan saƙon, sai da na ce alhamdulillahi da ƙarfi har Auta ta dawo da gudu.

Abin da ya faru shi ne yatsana ya taɓa harafin A. A Thunderbird wannan harafi shi kaɗai yana kwashe saƙo ya kai ma'ajiya. Gmail kuwa ba jakunkuna na gaske yake da su ba, laƙabi yake manna wa saƙo. Idan ka kai saƙo ma'ajiya, laƙabin Inbox kawai aka cire masa, shi kansa yana nan daram a All Mail. Mai ido zai ga layi ya ɓace nan take. Mu sai dai mu ji murya ta wuce saƙo na gaba, mu ɗauka mu ne muka matsa. Da na lura a lokacin, Ctrl da Z mai warware aikin da ka yi na ƙarshe ya ishe ni. Tun daga ranar na ƙara nemo wa abokai biyu saƙonninsu, kuma duk a wuri ɗaya na same su.

Gargaɗi guda, don na ji wani ya yi wannan kuskuren: kada ka ji saƙo a All Mail ka ɗauka kwafi ne ka jefa shi Trash. Shi ne ainihin saƙon. Ka jefa shi, ya bar kowace jaka da ka sa shi.

A makon na zauna na gyara gidana. Jaka biyar na buɗe, ban ƙara ba, saboda kowace jaka danna kibiya ɗaya ce, kuma kunne yana gajiya fiye da yadda masu ido ke zato. Tunda jerin yana bin tsarin haruffa, sai na sa lamba a gaban kowace: 1 Aiki, 2 Banki, 3 Gida, 4 Makaranta, 5 Jira. Da farko na sa wa ɗaya suna Ƙungiya, sai muryar Turancin da nake amfani da ita ta riƙa tuntuɓe da ƙ mai ƙugiya, dole na canja. Na kafa ƙa'idar tacewa, duk saƙon banki ya wuce jakarsa kai tsaye. Wanda na fi so shi ne Ctrl da Shift da M, yana tura saƙo jakar da ka tura na baya. Da shi na kwashe tarin wata shida kafin la'asar.

Ga mai niyya, sai an yi haƙuri da makon farko, hannu bai saba ba, kuma haruffa irin su A da J (mai sa wa saƙo alamar Spam) aiki suke yi da taɓawa ɗaya. Sannan ka shiga saitin akawun ka taƙaita saƙonnin da za a sauke zuwa na kwana 30, in ba haka ba wasiƙun shekaru za su cinye maka data cikin dare ɗaya. NVDA kuma dole sai da kwamfuta, abin da ba kowannenmu ke da shi ba, wannan kuwa yana damuna.

Ranar Talata na kwafe takardar a filas, Auta ta raka ni shagon buga takardu na bakin titi. Ita ta riƙe mini hannu wajen tsallakawa, amma abin da ke cikin wasiƙar ni na gaya mata.