Gargaɗi ga matasan Damagaram masu sha'awar tseren babur: hattara da mai «kwantena daga Faransa»

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan bayani, domin abin ya shafi ɗan ƙanwata, kuma ba na son a riƙa nuna shi da baki a unguwa. Amma da labari ya iske ni cewa mutumin da ya damfare shi da sunan sayar masa da babur ya canza lambar waya, ya buɗe sabon zaure a WhatsApp, har ya fara karɓar kuɗi a hannun wasu yara na Sabon Gari da Garin Malam, sai na ga yin shiru ya zama taya shi aiki. Ba zan ambaci sunan yaron ba, haka ma sunan da mutumin yake amsawa, tunda na aro ne kuma gobe zai ari wani. Hanyar da yake bi ce ba ta canzawa, ita zan shimfiɗa muku.

Yaron namu ɗan gareji ne, shekararsa 21, kuma tun yana ƙarami hannunsa yake cikin baƙin mai. Ranar da babu aiki, shi da tsaransa sukan fita bayan gari ta hanyar Tanut ko ta Mirya, su sami fili mai rairayi su yi ta gwada ƙwarewa a kan babur, wanda mu nan muke kira moto. Ban taɓa ganin laifinsu ba, domin manyanmu ma sun yi zamani da gasar Paris-Dakar, wadda aka fara a watan Disamba na 1978 kuma ta sha ratsa Agadas da hamadar Tenere, kafin a soke ta 2008 saboda matsalar tsaro a Muritaniya, a kai ta Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya tun 2020. Yaran yanzu a waya suke kallonta, kuma ta wannan ƙofa mutumin ya shigo musu, inda ya ce shi tsohon makanike ne na ƴan gasar, yana zaune a Faransa, kuma burinsa ya ga ƴan ƙasarsa sun shiga tsere ba tare da sun kashe dukiya ba.

Ya fara da tura hoton wani babur shuɗi, Yamaha YZ125, ya ce na hannu ne amma lafiyarsa ƙalau, yana cikin kwantena tare da wasu guda tara, kuma zai bar shi a jika 450 na sefa. Duk wanda ya san kasuwar babura ya san wannan kuɗi bai kama hanyar farashin irinsa ba, sai dai yaro mai buri idan ya ga araha ba ya tambayar dalilinta. Aka nemi kafin alƙalami na jika 150, yaron ya kwashi adashensa ya aika. Bayan mako biyu aka ce kaya sun sauka a Lome, saboda iyakar Benin a rufe take tun 2023, don haka hanya ta ƙara tsawo, ana bukatar jika 80 na duwan da dako. A nan gwanintar mutumin take, domin yana ɗaura ƙaryarsa a jikin gaskiyar da kowa ya sani, ta yadda mai sauraro zai gyaɗa kai kafin ya yi tunani. Wannan karon ragon mahaifiyarsa yaron ya sayar, da alƙawarin zai mayar kafin Babbar Salla.

Daga nan sai maganar takardar izinin shiga gasa, jika 35. An turo masa wani kati ta waya, ɗauke da hotonsa da tambarin FIM, wato hukumar tseren babura ta duniya, wadda aka kafa a 1904 kuma hedikwatarta ke Suwizalan. Ya kamata kowa ya sani cewa irin wannan takarda tana fitowa ne ta hannun ƙungiyar wasa ta ƙasa wadda hukumar ta amince da ita, bayan an duba lafiyar mutum, kuma babu wani ɗan kasuwa da ke da hurumin sayar da ita a zauren WhatsApp. Wanda aka yi wa tayin irinta a nan Damagaram, ya taka da ƙafarsa zuwa ofishin kula da matasa da wasanni na jiha ya tambaya, tunda tambaya ba ta cin ko dala.

Abu ɗaya tak ya iso hannunmu, hular kwano, wato kaske, wadda aka biya jika 20. Ta zo a motar haya cikin kwalin taliya, an naɗe ta da leda. Yaron ya kawo mini ita da murna yana cewa: «Kawu, ka gani ko? Da ɓarawo ne ai ba zai aiko da komai ba.» Na karɓa na juya ta. A ƙeyarta akwai wata ƴar takarda mai sheƙi da aka rubuta ECE, wato sunan ƙa'idar Turai ta ingancin hula, na sa farce sai ta ɓare kamar tambarin kwalbar lemo. Hular da ta cika ƙa'idar Turai tana ɗauke da ƙyalle ɗinkakke a jikin igiyar haɓa, mai harafin E da lambar ƙasa cikin da'ira, misali E2 na Faransa ko E3 na Italiya, sannan doguwar lamba mai farawa da 05 ko 06, ita kuwa wannan igiyarta fayau take. Da na ɗaga yadin ciki, sai ga farin soson nan mai tauri, wanda shi ne ke shanye bugu, ya tsage daga goshi har zuwa kunne, alamar wani ya riga ya faɗi da ita. Hular da ta sha bugu sau ɗaya ta gama aikinta, ko da fentinta na ƙyalli. A ganina wannan ya fi satar kuɗin muni, domin ya sayar wa yaro abin da zai sa ya saki jiki ya taka gudu alhali kansa a tsirara yake. Ita hular kuma tsaba ce aka watsa wa kaza, don a sake tatsar wani kuɗin.

Maigidansa na gareji ne ya ƙarasa kwance ƙullin. Da ya ji an yi alƙawarin babur zai zo da kart giriz, wato takardar rajistar abin hawa, sai ya yi dariyar takaici, ya ce YZ125 babur ne na filin tsere kawai, ba shi da fitila, ba a ƙera shi don hawa kwalta ba, to daga ina takardar hanya za ta fito? Ya ƙara da cewa injinsa irin wanda ake gauraya wa mai da fetur ne, yana bukatar canjin fistan a kai a kai, kuma kayan gyaransa ba a tsintar su a Kasuwar Dole, saboda haka ko kyauta aka ba yaron, riƙonsa kaɗai zai durƙusar da shi. Wani abokinsu mai ilimin waya ya saka hoton baburin a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya taɓa fitowa a intanet, nan take ya fito a wani tsohon tallan Faransa, har da bangon gidan da kuma bokitin da ke gefe.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, mutumin ya yi wa yaron alƙawarin ragin jika 50 idan ya kawo abokai biyu, kuma ya kawo su. Su ba su san mai kwantena ba, shi suka sani, shi suka yarda da shi, don haka ƙofar gidan ƙanwata suka zo da iyayensu. Ta haka wanda aka cuta yake wayar gari ya zama abin tuhuma.

Mun kai ƙara komisariya, muka miƙa rasiɗan aika kuɗi da hotunan duk hirarrakin, tunda ƙasarmu tana da dokar hukunta laifukan intanet tun 2019. A wurin ne muka lura cewa rasiɗai huɗun suna ɗauke da sunaye uku daban-daban, kuma kowane lokaci da uzurin da ya bayar, yau ƙaninsa ne zai karɓa, gobe direbansa. Duk wanda ya riga ya aika wani abu, kada kunya ta sa ya goge saƙonni, ya adana su ya kai.

Jimillar abin da yaron ya rasa jika 285 ne, kuma na zauna da maigidansa mun yi lissafi. Da wannan kuɗi, baburinsa na yau da kullum mai inji 125 zai sami tayoyi masu haƙora na rairayi, da sabuwar sarƙa, da birki mai kamawa, shi kuma ya sami hula ta gaskiya wadda ya gwada a kansa kafin ya biya, da takalmi mai rufe idon sawu, da safar hannu, da abin kare gwiwa, har canji ya rage na mai. Sauran kuwa neman fili ne bayan an gama girbi, da izinin mai gona da sanin mai gari, nesa da kwalta da hanyar dabbobi. Wanda kuma ya nace sai ya sayi babur na hannu, ya je da makanikensa, a tayar da injin da sanyinsa, a duba lambar da aka buga a wuyan gangar jikinsa, mai haruffa da alƙaluma 17, a gwada ta da ta takardun duwan da kart giriz, idan an ga alamar goge ko sabon fenti a wurin a juya a tafi.

Yanzu yaron yana biyan abokansa jika 5 kowane mako daga abin da yake samu, hular kuma tana rataye a ƙusa a bangon gareji, maigidansa yana nuna wa duk yaron da ya shigo. A sabon zauren, mutumin ya daina cewa makanike ne, ya koma wakilin wata ƙungiyar tsere, ya ƙara da babura masu ƙafa huɗu a cikin tallansa, kuma yana cewa gurbi uku kacal suka rage, za a rufe rajista ranar Juma'a. Hoton baburin shuɗin nan ne dai, da bokitinsa a gefe.