Bukka biyu na biya, ɗaya na tarar: zuwanmu lambun cin abinci a hanyar Epe

Tun kafin in yi arba'in nake da burin in fitar da Inna ta sha iska kafin ta koma Zariya. Kwana 45 ta yi a ɗakunanmu biyu na Agege, daga dafa ruwan wanka sai dama kunun kanwa sai raino. Duk abin da ta gani na Ikko, kamar yadda take kiran Legas har gobe, bai wuce gadar Pen Cinema da ƙofar asibiti ba. Maƙwabciyata ce ta nuna min hotunan wurin a Instagram: lambu ne a bayan gari kafin a shiga Epe, da bukkokin ciyawa da tafkin kifi, ka nuna wanda kake so a kama a gasa maka. Ba zan kama sunansa ba.

Ranar Laraba na kira su. Na ce bukka biyu nake so, ɗaya ta ni da Inna da jaririya, ɗaya ta maigida da yara maza biyu. Ban ɓoye dalili ba, na faɗa wa yarinyar da ta ɗauki wayar cewa a wurinmu uwar mace ba ta cin abinci a gaban surukinta, shi ma ba zai iya kai loma a gabanta ba. Ta ce ba matsala, in tura kafin alƙalami naira dubu 10 a kan kowace bukka. Na tura dubu 20, na aika mata shaida ta WhatsApp, ta amsa cewa ta gani. Saƙon yana nan a wayata.

Asabar da ƙarfe 9 muka fita. Maigida ya ƙi bin hanyar Lekki, ya ce tun da matatar man Dangote ta fara aiki tankoki da tifofi sun cinye titin. Muka bi ta Ketu da Mile 12, muka ratsa Ikorodu, muka wuce Imota inda ya nuna wa Inna masana'antar shinkafar da aka buɗe a 2023, sai Agbowa, sai Itoikin. Awa uku da 'yan mintoci, amma Inna ba ta runtsa ba, tana ta mamakin cewa duk wannan daji da kwakwar manja cikin jihar Legas suke.

Shigarmu wurin na ji gajiyar ta tafi. An yi ruwa da asuba, ƙasa tana ƙamshi, ga ayaba ga gwanda ga rogo, kaji na kiwo a gindin itatuwa. Inna ta tsaya gaban wani zogale ta shafa ganyensa ta ce, "Ikon Allah, kamar lambunan bakin Galma." Daga jin wannan na ce a raina kuɗina sun fita.

Sai aka nuna mana bukka ɗaya.

Na ce ina ta biyun? Yaron ya ce bari ya kira manaja. Manajan ya zo yana latsa waya, ya ce wai masu bikin ranar haihuwa sun zo da yawa, an ƙara musu da tamu. Na nuna masa saƙon. Ya duba, ya leƙa bukkar, ya ƙirga mu da yatsa, ya ce wannan tana ɗaukar mutum takwas, mu kuwa har da jaririya shida ne, me za mu yi da biyu? Na sake yi masa bayanin da na yi ranar Laraba, a hankali, don kada Inna ta gane ana gardama a kanta. Sai ya yi dariya. Wallahi dariyar nan ta fi hana ni bukkar ciwo. Ya ce ai duk iyali ɗaya ne, a zauna kawai a ci, nan ba ƙauye ba ne. Kujeru yake ƙirgawa, ni kuma abin da na saya daban ne, kuma na faɗa musu tun kafin su karɓi kuɗina. Da sun ce ba za su iya ba, da Bahaushiya ba ta ɗauko jaririya ta yi tafiyar awa uku ba.

Inna ba ta jin Turanci, amma ba a ɓoye mata fuska. Ta ce, "Ke, bar shi. Ku ci abinku, ni dama na ƙoshi, ruwa kawai zan sha." Matar da tun kunun safe ba ta sa komai a bakinta ba. Maigida ya sunkuyar da kai ya ce, "A'a Inna, ku zauna, ni zan ɗan zaga." Ya ja yaran, aka ba shi kujerar roba a gefen janareta, cikin hayaƙi, ba ko tebur. Inna kuma ta ƙi sakewa, don tana hango shi a can, tana ganin ita ta kore shi. Ta zauna a bakin benci ta ja mayafi, sai cewa take da ma ba a wahalar da bawan Allah saboda ita ba. Ga kiɗan masu biki daga bukkar da na biya yana dukan kunnen jaririya. Na yi kusan minti 40 a haka, hawaye na cika min ido ina mayarwa. Da ni kaɗai ce da tuni na kama hanya.

Abin da ya ceci ranar ba daga ofishinsu ya fito ba. Wata dattijuwa ce ta fito daga kicin ɗauke da tire, ɗankwali ɗaure irin na Yarabawa. Ta ji Inna na magana, ta ajiye tiren ta rusuna ta ce, "Sannu da zuwa Hajiya, ya gajiyar hanya?" Hausa tsaf, har da karin harshen Zazzagawa. Ashe a Sabon Garin Zariya ta tashi, mahaifinta ma'aikacin reluwe ne. Ban gama buɗe baki ba ta dubi Inna, ta hango maigida a gefen janareta, ta ce, "Surukinta ne ko? Haba, ai wannan ba daidai ba ne." Ba ta nemi izinin kowa ba. Ta kai mu bayan kicin, gindin wani mangwaro inda ita kanta take hutawa, ta share, ta shimfiɗa tabarmarta, ta kawo buta da ruwa, ta nuna mana alƙibla don Azahar ta riga ta yi. Ta aika yaro ya ce wa Alhaji ya koma bukka da yaransa. Cikin minti biyar ta warware abin da manaja ya kasa ganewa.

A gindin mangwaron nan Inna ta ci abincin da ban ga ta ci irinsa ba tun zuwanta. Karfasa biyu muka nuna a tafki, aka gasa da attaruhu da albasa, fatar ta yi ƙaus, cikin kuma laushi har ƙashi. Epe dama garin kifi ne, kowa ya san kasuwarsu, amma na kasuwa daban, wanda aka tsamo a gabanka daban. Na roƙi kada a ɗora namu a wayar da ake gasa naman daji, dattijuwar ta ce ita ma ba ta yarda, wayarta daban take. Shinkafar ofada ta zo a ganye da miyar koren tattasai da manja, yajinta ya yi min yawa ga mai shayarwa, na ɗan taɓa na bari. Abin da ya ɗauke Inna shi ne ikokore, abincin mutanen Ijebu. Wata irin doya ce mai yauƙi ake gogawa, a riƙa yanka ta cikin romon kifi da manja tana dunƙulewa. Inna ta ce kamar ɗanwake ya auri faten doya. Ta tsinci wani baƙin ƙwaya a miya ta shinshina ta ce ai daddawa ce. Dattijuwar ta ce ita ce, kalwa ɗaya ce, su iru suke ce mata, kuma ba sa kirɓa ta kamar tamu. Daga nan hira ta ɓarke, Tudun Wada, tashar jirgi, sanyin hunturun Zariya da ta ce shekara da shekaru tana kewarsa. Na ji Inna tana dariya har da tafawa.

A lokacin na yafe musu. Har na fara tsara yabon da zan rubuta.

Sai takardar kuɗi ta zo. Harajin VAT na kashi 7.5 da na jihar Legas na kashi 5 ban yi musu a kansu ba, doka ce. Amma dubu 10 kacal suka cire daga kafin alƙalamina. Ɗayar dubu 10, ta bukkar da wasu suka sha kiɗa a ciki, wai ba a mayarwa sai mai lissafin kuɗinsu ya zo ranar Litinin. Sannan ga kuɗin hidima a kai. Hidimar wa? Wadda ta yi mana hidima na tambaye ta a gefe ko wani abu na isa hannunta daga ciki, ta yi murmushi kawai ta ce Allah Ya raya jaririya. Raina ya sake ɓaci sabo fil, dariyar manajan nan ta dawo min.

Na'urar POS ɗinsu ba sabis. Maigida ya tura ta waya, kuɗi suka fita daga asusunsa, ya nuna musu, suka ce sai sun ga saƙon shigowa. Mai gadi ya ƙi buɗe ƙofa. Muka tsaya a bakin mota har rana ta yi ja, kuma duk wanda ya san wajen Epe ya san sauron bakin ruwa ba ya jiran Magariba. Na lulluɓe jaririya da mayafina, duk da haka washegari na ƙirga cizo huɗu a goshinta. Wurin da ke karɓar iyalai a daji, ba ko maganin sauro na ƙonawa. Kusan awa ɗaya muka yi kafin saƙon ya shigo, kuma ba wanda ya ce mana a yi haƙuri, sai dattijuwar da ta biyo mu da ƙunshin busasshen kifi ta ce Inna ta kai Zariya tsaraba. Inna ta ciro turarenta na jaka ta ba ta, suka rabu kamar sun shekara tare.

Masu tambayata ko su je: in ku biyu ne da maigida, ko ƙawaye, kifin ya isa a yi masa tafiya, ku tafi da tsabar kuɗi, ku baro wurin kafin La'asar sakaliya. In kuwa da suruka ko wani babba za ku, kada ku dogara da alkawarin waya, ko da kun biya. Ni dai ban san ko zan koma ba. Wani lokaci in na tuna Inna a kan tabarmar nan tana suɗe hannu sai in ce zan koma, in na tuna maigida a kujerar roba cikin hayaƙi sai in fasa.

Na kira ranar Litinin, aka ce mai lissafin bai zo ba. Na kira Laraba, ba a ɗauka ba. Inna ta hau mota ranar Alhamis da kifinta a ƙunshe, kuma da ta isa, bayan ta tambayi jikin jaririya, abu na biyu da ta ce shi ne in na koma in gaishe mata da ƙawarta ta Sabon Gari. Dubu 10 ɗina yau mako biyu ke nan.