PS4 ta hannu da na saya a Sabon Gari: na'ura lafiya, lodin ne ya ɓata mini rai

Bayan yara sun gama jarrabawa na cika musu alkawari, na sayo PS4 ta hannu, wato na'urar wasan gem, a wani shago a Sabon Gari. Ba zan kama sunan shagon ba, masu harkar sun san layin. Na'urar tana aiki, ba ta cika zafi ba, hannuwan bugawa biyun da aka haɗa mini ma ba su taɓa ba mu matsala ba. Da a nan zancen ya tsaya, da na ce kowa ya je ya saya.

Lodin da aka yi mini, wato wasannin da aka zuba a cikin na'urar, shi ne damuwata. Da bakina na gaya wa mai shagon ƙwallo da tseren mota kawai nake so, domin babban yaron shekararsa 11, ƙaramin 7. Ya ce, "Alhaji kada ka damu, har gyara zan yi maka." Ashe gyaran nan wasannin faɗa ne da na harbi, ciki har da Mortal Kombat.

Wata Asabar bayan la'asar ina zaure na ji ihun ƙaramin. Ina shiga falo na tarar da yayan ya danne shi a ƙasa, gwiwa a ƙirji, hannu a wuya, idonsa ya yi ja. Yaron da ko tsawa ba ya yi wa ƙaninsa! Sai da mamansu ta fincike shi, leɓen ƙaramin har ya fashe. Dalili? Wai ya cinye shi a gem kuma ya yi masa dariya. Da na tsare shi sai ya ce, "Abba, wasa muke yi." Wallahi wannan amsar ta fi dukan tayar mini da hankali, domin har zuciyarsa haka ya ɗauki abin.

Da dare na kunna Mortal Kombat ɗin na kalla da kaina. Ba kayar da abokin karawa ake yi a tashi ba, sai an cire kai, an tsaga jiki, jini na tsartuwa, kuma wannan ne gwanintar da yara ke ɗokin koya. Wasan nan a Turai lambar 18 ke jikin kwalinsa, a Amurka harafin M, wato daga shekara 17. Hasali ma na farkonsa yana cikin wasannin da suka sa majalisar dattawan Amurka ta yi zama a 1993, aka kafa hukumar sa wa wasanni alamar shekaru a 1994. To mu nan da ake zuba mana su kai tsaye cikin na'ura babu kwali, ina uba zai ga alamar? Mai lodi ne kaɗai zai gaya maka, shi kuma ya yi gum.

Don Allah kada a ce na ɗora wa gem komai. Da na sa ido na lura ko a ƙwallo aka ci yaron nan ya kan jefar da hannun bugawa, haka in an ɗauke wuta yana tsakiyar wasa. Akwai zafin shan kaye a ciki, ba jinin kaɗai ba. Masana ma kansu bai haɗu ba. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta ce a 2015, ta kuma maimaita a 2020, akwai 'yar alaƙa tsakanin irin waɗannan wasanni da zafin rai kamar tsawa da ture mutum, amma babu isasshiyar hujjar cewa suna kai mutum ga aikata ta'asa. Wani bincike na Jami'ar Oxford a 2019, kan matasa wajen 1,000 a Birtaniya, bai ga alaƙar ba sam. Sai dai su 'yan shekara 14 da 15 ne. Nawa 11, kuma ɗan shekara 7 na gefe yana kallo.

Na koma shagon da niyyar mu yi magana ta fahimta. Buɗar bakinsa sai ya ce ai duk yaran gidajen gem shi suke bugawa, kuma in ina so a canza sai na sake biyan kuɗin lodi. A kan abin da ban ce a sa mini ba! Ɗan yayana da ke karatu a Samaru ne ya zo ya goge su, ya kuma nuna mini cewa na'urar tana da wurin da iyaye ke ƙayyade shekaru da awannin wasa, a kulle da lambar sirri. Mai shagon ya san da wannan, ko sau ɗaya bai ambata ba.

Wanda zai saya ya saya, amma ya tsaya a kan mai lodi, ya sa a buɗe masa kowane wasa ya gani kafin ya bar shagon. Ni dai ba zan ƙara taka wurin ba, ba kuma zan tura kowa ba. Abin da ke damuna yanzu gidan gem ɗin da ke bayan layinmu a Tudun Wada, inda ba a tambayar kowa shekarunsa, kuma yaron ya fara neman a riƙa aikensa ta can.