Sharhi kan fos ɗin da aka gina mini a Damagaram

Damina biyu ke nan da aka gina mini rijiyar bayan gida ta zamani, wadda magina ke kira fos, a gidana da ke unguwar Karkada, kuma ina ganin lokacin ya isa in faɗi abin da na gani game da aikin, musamman batun zurfi, domin a kansa ne muka fi samun saɓani da maginin.

Da na kira shi, abin da ke raina shi ne a haƙa mini rami mai zurfin mita 4, kamar yadda muka saba da salga, inda zurfi shi ne abin da ke jinkirta cika. Bai yi mini gardama nan take ba. Ya sa yaransa suka haƙa ramin gwaji a bayan ɗakuna, kuma da suka wuce mita 2 kaɗan sai diga ta fara tsalle a kan dutse. Duk wanda ya san Damagaram ba zai yi mamaki ba, tun da manyan duwatsun da ake gani a Birni ci gaba ne na dutsen da garin yake zaune a kansa, wanda kuma yake cikin dalilan da suka sa ake jawo mana ruwan sha daga wajen gari. Sai ya ce mini: “Malam, ko da babu dutsen nan, zurfin da kake so ba zai amfane ka ba.”

Bayanin da ya biyo baya shi ne abin da na fi yaba masa da shi. Zurfin fos ba zaɓin mai gida ba ne, bututun da ya fito daga makewayi ne ke yanke shi. Bututun, mai faɗin milimita 100, yana buƙatar gangara ta kusan santimita 2 a kowace mita. Namu ya bar jikin gini a zurfin santimita 40, ya yi tafiyar mita 6, ya shiga fos a wajen santimita 52. Daga nan aka bar mita 1 da santimita 20 domin ruwan da zai riƙa kwanciya a ciki, aka raba cikin fos ɗin zuwa gida biyu, na farko ya ɗauki kashi biyu bisa uku. Duka haƙan bai kai mita 2 ba, murfin kankaren kuwa ya zauna kusan taƙi ɗaya ƙarƙashin ƙasa.

Inda na fi jinkirin yarda shi ne wajen ramukan da ke tsotse ruwan da ya fito daga fos. Na zaci rijiya ɗaya mai zurfi za a yi, sai ya ja dogayen ramuka biyu masu zurfin santimita 90 kacal, ya zuba tsakuwa santimita 30, ya shimfiɗa bututu mai huji-huji a kai kusan a miƙe, sannan ya rufe. Kafin haka ya cika wani ƙaramin rami da ruwa, muka zauna muna auna saurin da ƙasa ke shanye shi. Dalilinsa na ƙin zurfafa ramukan, wanda daga baya na tabbatar gaskiya ne, shi ne cewa ƙwayoyin halittar da ke cinye ƙazantar ruwan suna buƙatar iska, iskar kuwa a saman ƙasa take, sannan ana son aƙalla mita ɗaya ta ƙasa tsakanin gindin ramin da dutse ko ruwan ƙarƙashin ƙasa, domin ruwan ya tacu kafin ya sauka. A ƙasashe masu sanyi kamar Kanada ana la'akari da daskarewar ƙasa, mu kuwa wannan ba damuwarmu ba ce. Ya kuma nisanta ramukan daga dogon yaron tsakar gida saboda saiwoyi, ya tambaya ko akwai rijiya a maƙwabta, yana mai cewa bai kamata a kusance ta da ƙasa da mita 30 ba.

A ruwan watan Agusta na bara da na bana, lokacin da ruwa ya kwanta a lunguna da dama, makewayinmu bai dawo da ruwa ba, wari bai tashi ba, ƙasar da ke kan ramukan kuma ba ta jiƙe ba.

Sai dai akwai kuskure ɗaya da har yanzu nake jin haushinsa. Ya ɗaga bakin gida na farko na fos ɗin har ya yi daidai da daɓe, amma ya binne murfin na biyu ba tare da wata alama ba, bai kuma bar mini zanen inda bututu suka bi ba. Da na so duba yawan dagwalon da ya taru a watan jiya, domin in san lokacin kiran motar yashewa, wadda galibi ake buƙata duk shekara 3 zuwa 5, sai da muka yi rabin yini muna caka ƙarfe a ƙasa kafin mu sami murfin na biyu. Na sake kiransa, ya zo ya ɗaga bakin da bulo jeri ɗaya, ya kuma karɓi kuɗin siminti kawai.