Shagon takin da ya hana ni ciyar da gonar maƙwabci

Ni dai gonata a gangare take, can wajen Funtua ta hanyar Dandume, kuma shekara biyu ina zagin takin yuriya a banza wai jabu ake sayar mana. Sai in watsa buhu guda da yamma, ruwa ya kece da daddare, bayan sati biyu ka ga ganyen ƙasa na masarata ya yi ɗorawa tun daga tsini, amma ta maƙwabcina da ke kwari ta yi kore shar kamar shi ya biya kuɗin. Ashe ni nake masa noma ban sani ba.

Bana na canza shago, na shiga wajen wani dattijo a cikin kasuwa, kafin ma ya karɓi kuɗi ya ce "Malam, gonar taka shimfiɗe take ko gangare?" Wallahi ba mai taki da ya taɓa min wannan tambayar. Ya juya buhun ya nuna min 46-0-0, wato kashi 46 cikin ɗari naitirojin ne, sinadarin da ke sa ganye kore, ya ce a kilo 50 ɗin nan kilo 23 ke nan, kuma yuriya kamar gishiri take, da ta ga ruwa ta narke, to in ruwan gudu yake a saman ƙasa ai tare za su gangara rafi, wadda ta rage a fili kuma ta bi iska.

Na ce to Baba ya zan yi? Ya ce in daina yin kunya tana bin gangare, in yi ta a gicciye, in sa takin kamfa (NPK) da wuri, yuriya kuma in raba ta biyu, in tona rami gefen kowane gindi in auna murfin kwalbar lemo ɗaya in zuba in rufe da ƙafa, kar in kuskura in zuba ana haɗa hadari. Aikin akwai cin baya fa, sai da na ƙara 'yan ƙwadago biyu, amma har malkar Agusta ta wuce masarar ba ta canza launi ba.

Takinsa a bushe yake, babu dunƙulewa, ɗinkin buhu lafiya lau. Inda ya ban haushi, baya ragi ko na sisi, baya karɓar taransifa, dako kuma kai za ka nemo. Ciyawar jema da ya ce in dasa a layi ta riƙe ƙasa ma ba shi da ita, sai da na je fadama na tono da kaina. Huɗu cikin biyar na ba shi.